Haƙorin da Kawu ya kawo daga Agadas

Kawuna fatake ne. Yana kai barkono da citta Agadas, ya dawo da dabino da kanwa ta hanyar Maigatari. Bayan babbar salla ya iso gida, muna zaune a zaure da yamma, sai ya zaro gidan ashana daga aljihu ya miƙo mini.

"Malam, ku da kuke koya wa yara kimiyya, duba mini nan. Wani Buzu ya sayar mini, jika biyu. Ya ce haƙoran dodannin da ne."

Abu shida ne a ciki, an naɗe da tsumman rawani, duka baƙi-baƙi masu nauyin tsakuwa. Uku masu tsini kamar ƙahon ɗan akuya. Ɗaya kamar maɓallin riga. Ɗaya dutse ne kawai, har Kawu ya yarda da haka. Na shidan ne ya hana ni barci: bai kai ƙwayar masara ba, faɗinsa milimita 6 a kan rula, shafaffe, gefensa da zara-zara kamar ganyen darbejiya.

Na taɓa ganin hoton irinsa, shi ya sa zuciyata ta tafi kai tsaye wurin dainoso masu sulke. Waɗannan dabbobi ne masu cin ganye, bayansu lulluɓe da faranta na ƙashi kamar dokin lifidi ranar hawan sarki, wasu har da kulki a ƙarshen wutsiya. Babbansu, Ankylosaurus, wanda Barnum Brown ya raɗa wa suna a 1908 daga ƙasusuwan da aka tono a Montana ta Amurka, ya kai mita 6 zuwa 8. Duk wannan girma, haƙorinsa bai wuce farcen ɗan yatsa ba. To ga ni da ɗan haƙori mai siffar ganye a tafin hannu. Me kuma ya rage?

Kuskurena na farko da safe na yi shi. Akwai jan yashi da ya daskare a gindin haƙorin, na ga yana ɓata masa kyau, na sa allura na kankare, na wanke da sabulu da tsohon buroshi, na zubar da ruwan a gindin bishiya. Na biyu kuwa ranar Litinin: na shiga aji na ɗaga shi sama na ce wa yara ga haƙorin dabba mai sulke. Kafin azahar labari ya kai kasuwa, har da masu cewa an tono shi a bayan makaranta.

Sai daga baya na zauna na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na aro gilashin ƙara girma wurin mai gyaran waya, na shimfiɗa farar takarda, na ajiye rula a gefe, na haska tocila daga gefe guda. Wannan haskawa ta gefe ita ce dabarar da ta fi yi mini amfani, domin in haske ya zo daga sama komai sumul yake, in ya zo a karkace kowane tudu sai ya yi inuwa.

Haƙorin mai sulke yana da alamomi da ake bi. Kansa shafaffe ne, ya fi kama da tafin hannu mai gajerun yatsu, kuma yatsun nan manya ne, ana iya ƙirga su ba wahala. Daga tsakanin yatsun akwai 'yan kwaruruwa da suke gangarowa ƙasa. Sannan a gindi, inda kai ya haɗu da saiwa, akwai kumburi da ya zagaye shi kamar an ɗaura masa ɗamara. A dangin da ake kira nodoso, marasa kulki, ɗamarar nan fitacciya ce kamar dakali, haƙorin kuma ya fi girma. A dangin masu kulki gindin kumbura kawai yake yi. Stegosaurus, mai faranta tsaye a gadon baya, da 'yan uwansa su ma suna da ɗamara, da layuka a tsaye. Wani abin lura shi ne ƙyallin haƙori, wato ɓawo mai tauri da ya lulluɓe shi: a masu sulke ya rufe fuska biyu daidai, amma a irin su Ouranosaurus na Nijar, dainoso mai cin ganye marar sulke, fuska ɗaya ce mai kauri, da babban tudu a tsaye a jikinta. Rashin saiwa kuwa ba aibi ba ne, dabbobin nan suna zubar da haƙori su sake wani duk tsawon rayuwarsu, wanda ya zube kuma saiwarsa ta riga ta narke.

Na juya nawa ta kowane ɓangare. Zara-zaran gefensa ƙanana ne ƙwarai, masu yawa, sai da gilashi ake rarrabe su. Kwaruruwa babu. Ɗamara babu, sai dai wuya da ya tsuke. Na yi ta karkata tocila ina neman inuwar da za ta ba ni gaskiya, har na kama kaina ina lallashin ido ya ga abin da babu.

Na ɗauki hotuna ta fuska huɗu na tura wa wani abokina da ya karanta ilimin duwatsu a Zariya. Bai ce komai kan siffa ba. Tambaya ɗaya ya yi: a ina aka tsince shi, cikin wane irin dutse? Na ce Agadas. Ya ce Agadas kasuwa ce, ba rami ba. Na ce akwai yashi a jiki amma na wanke. Ya daɗe bai amsa ba.

Abin da ya fahimtar da ni shi ne siffar ganye ba ta mutum ɗaya ba ce. Duk dabbar da take tsinke ganye tana iya yin haƙori haka, ko da ba dangi ba ne. Masana da kansu sun sha faɗawa ramin. A 1856 Joseph Leidy ya ba wata dabba suna Palaeoscincus daga haƙori guda, yau ana ɗaukar sunan a matsayin wanda ba a iya dogara da shi. Revueltosaurus kuwa shekaru aka yi ana lissafa shi cikin dainoso saboda haƙoransa, sai a 2005 da aka bayyana ƙasusuwansa daga Arizona aka ga ashe dangin kada ne. Kuma a Gadoufaoua, cikin hamadar kudu maso gabashin Agadas, inda Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus, akwai wani ɗan kada mai yawo a tudu, Araripesuchus wegeneri, wanda haƙoransa na baya shafaffu ne masu ƙananan zara-zara da tsukakken wuya. Da na ga hotonsu jikina ya yi sanyi. Mai kama da maɓalli kuma na kifi ne mai fasa katantanwa, masu tsinin nan uku na masu cin nama ne.

Masu sulke a Afirka ba su da yawa. Akwai Kentrosaurus, ɗan uwan Stegosaurus, da Jamusawa suka tono a Tendaguru ta Tanzaniya tsakanin 1909 da 1913. Na farko a nahiyar daga ankiloso, wato dangin Ankylosaurus, shi ne Spicomellus, sai a 2021 aka ba shi suna, daga haƙarƙari guda mai ƙayoyi manne da ƙashi. Shi ma wurin ɗan kasuwa aka saye shi, kamar na Kawu, sai da Susannah Maidment da abokan aikinta na Maroko suka bi sawu har duwatsun Boulemane, kana aka tabbatar ya kai shekara miliyan 165. Su ba su wanke nasu sawun da sabulu ba.

Na koma aji na janye maganata, kuma na kashe zancen bayan makaranta. Duwatsun Dutse da Birnin Kudu narkakken dutse ne ya daskare, ba ya riƙe ƙashi. Jigayin da muke noma gero a kai, da lakar da masu haƙar rijiya suke fitarwa, jiya-jiya ne in an gwada da shekara miliyan 66 da dainoso suka ƙare. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ke nan kai ma ka faɗi jarrabawa." Na ce ya zauna.

Da daddare na kai wa Kawu rahoto, na ƙara da cewa irin waɗannan kaya na tarihin Nijar ne, muhallinsu gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, kada ya ƙara saye. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

"To Malam, in na kada ne ba ni kayana. Masu magani ba sa tambayar rami."

Tiya biyu ta gero na ba shi kafin ya bar mini gidan ashanar.