Abin da sashen gaggawa ya koya mini a kan masu shan kirak

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma tun da labarin ya fita sababbin ma'aikatan jinya ke tambayata me ya kamata su sani game da masu shan kirak, wato nau'in hodar iblis da ake ƙonawa a zuƙi hayaƙinsa. Abin da nake fara gaya musu shi ne, kada su gaskata alƙaluman da ake karantowa a taron wata sai sun san wanda ya cike katin.

A tsarin lambobin cututtuka na ICD-10 kirak ba shi da lamba tasa. T40.5 ita ce ta gubar hodar iblis, ko shaƙa aka yi, ko allura, ko ƙonawa aka yi aka zuƙi hayaƙin. Gwajin fitsari ma ba ya rarrabewa, burbushin hodar kawai yake nunawa, wanda kan kai kwana 2 zuwa 4 a jiki. In ba a tambayi mutum yadda ya sha an rubuta ba, kirak ba zai fito a lissafi ba. A Amurka, inda ya bazu a manyan birane tsakiyar shekarun 1980, tsarin sa ido na DAWN ya ƙirga zuwa sashen gaggawa sama da sau 500,000 saboda hodar iblis a 2011, daga nan aka dakatar da tsarin na wasu shekaru. Ƙirgen ne ya tsaya, marasa lafiya ba su fasa zuwa ba.

Mu a sashenmu shugaba ne ya hana ƙirgen, ba da takarda ba, da halinsa. A wurinsa duk wanda aka kawo yana zufa, ido a waje, yana surutai, ɗan maye ne da ya zo cin gado. Umarninsa bai taɓa canzawa ba: a yi masa allurar dayazifam, in ya lafa a sallame shi. Allurar daidai ce, ita ake fara bayarwa don ta sauko da bugun zuciya da hawan jini. Sallamar ce matsala. Hodar iblis tana matse jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini a daidai lokacin da take tilasta mata gudu, kuma hayaƙin kirak cikin daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa. Haɗarin ya fi yawa a awar farko, amma mai ciwon ƙirji ana so a sa masa ido awa 9 zuwa 12, a maimaita awon zuciya da gwajin jini.

Wani dare aka kawo wani saurayi da bai kai talatin ba, ya dafe ƙirji da hannu biyu, leɓensa duk ƙuna, babban yatsansa ya yi baƙi saboda kyasta wuta. Shugaba ya leƙo ta labule ya ce, "Sista, ki sallame shi, gadon nan akwai mai shi." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari a maimaita awon tukuna." Ya juya ya tafi bai ce uffan ba. Awo na biyu ya nuna zuciyar ta fara rasa jini, kafin asuba yaron yana hannun likitocin zuciya. Na ɗauka maganar ta wuce. Ashe an rubuta a fayil ɗina cewa ina riƙe gadaje ba dalili, kuma ba na bin umarni.

Bayan wannan na buɗe littafi nawa: yadda mutum ya sha, da me ya haɗa, da abin da ya kawo shi. Cikin 'yan watanni kowa ya ga abin da muka daɗe muna gani da dare, masu kirak ƙaruwa suke yi, kuma fuskokin nan dai su ke dawowa. Da hukumar asibiti ta nemi bayani, littafin nan aka mayar jadawali mai launi, shugaba ya gabatar da shi, aka tafa masa, aka ƙara wa sashen gadaje. Sunana bai fito ko a gefen shafi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gadajen dai suna nan ana amfani da su, wannan kam ba wanda zai goge.

Sauran abubuwan da nake gaya wa sababbin ma'aikatan ba su da tsawo. Ku auna zafin jiki da wuri, domin in ya kai digiri 40 ko ya wuce, sanyaya jiki da ƙanƙara ya fi komai gaggawa, kuma fitsari mai duhu alama ce tsoka na narkewa, ƙoda na cikin haɗari. Kada ku miƙa furofaranolol, maganin rage bugun zuciya, ko danginsa don kun ga zuciya na gudu, yana iya ƙara matse jijiyoyin. Ku tambaya ko an haɗa da giya, hanta kan haɗa su ta fitar da wani sinadari da ya fi daɗewa a jiki. Wanda ya ce kirak ya sha amma numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ku kawo naloksan kusa, shi ne makarin fentanil, wata ƙwaya mai danne numfashi da ake samu a cikin kayan. Kuma ku rubuta "kirak" ɓaro-ɓaro a kati, da lokaci, da sa hannunku, ku san inda kwafin yake.