Ranar da maƙwabcina ya ɗauki ramata wiwi

Asabar, ƙarshen Nuwamba, Kolon

Yau gari bai waye sosai ba sai wajen takwas, kuma kafin biyar na yamma duhu ya rufe. Hunturuna na huɗu ke nan a Jamus, har yanzu jikina bai saba da wannan guntuwar rana ba.

Da hantsi ina ba shukokina ruwa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijon da ke saman benenmu ne, ya sauko karɓar kwalin da mai kawo saƙo ya ajiye masa a wurinmu jiya. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Shekara biyu muna gaisawa a matakala, bai taɓa leƙo mana gida ba. Ina miƙa masa kwalin sai na ga idonsa ya wuce ni, ya tsaya kan kantar da ke lungun falo, inda na jera tukwane bakwai ƙarƙashin fitila. Ya ƙirga da yatsa, ya rage murya ya ce, maƙwabci, ku biyu ne manya a gidan nan, doka ta ba kowa uku, kuma ga yara suna yawo ba ka kulle ba.

Sai da na ɗan jima kafin na gane abin da yake nufi. Rama ce. Irin da Inna ta ƙulle mini a leda bara, saboda na gaji da marmarin kwaɗon rama da ƙuliƙuli. Amma ban ga laifinsa ba, domin ganyen saman rama yakan tsage kamar yatsun hannu, gefensa da haƙora, har masana suka raɗa mata suna Hibiscus cannabinus saboda wannan kamar. Alhali ita 'yar uwar yakuwa ce da kuɓewa. Na tsinki ganye ɗaya na ba shi ya tauna. Tsamin ya sa ya runtse ido, ya yi ta ba ni haƙuri. Sannan ya ce in ina da minti goma in hau in ga nasa.

Maman yara ta bi ni har bakin ƙofa. Ta ce, Malam, ka dai san abin da ganyen nan ya yi mana. Na ce na sani, kallo kawai zan yi.

A ƙaramin ɗakin da matarsa take ɗinki da can ya kafa wani baƙin tanti, tsayinsa ya ɗan fi ni, an maƙala ɗan makulli a zif ɗinsa saboda jikokinsa masu zuwa ran Lahadi. Da ya zuge, haske ya kashe mini ido. Cikin duk ƙyalli kamar takardar naɗe alewa, fitila a sama, 'yar fanka tana kaɗa ganyen a hankali, ga wani bututu mai matatar gawayi da ke tsotse wari. Shi ya sa ban taɓa jin komai a matakala ba. Tukwane uku cif. Ya ce tun 1 ga Afrilun 2024 aka halatta wa duk wanda ya kai shekara 18 ya shuka uku a gidan da yake kwana, ya ajiye busasshe har giram 50 a ɗaka, 25 in zai fita, kuma ba a yarda ya ba kowa ba, ko kyauta. Yana da ɗan lambu a bayan gari inda ya shekara talatin yana noman tumatir, amma can ba wurin kwanansa ba ne, don haka sai ɗakin ɗinki.

Abin da ya tsayar da ni, har minti goma ya koma awa biyu, littafinsa ne. Wani tsohon littafin lissafi, kowane shafi da kwanan wata, tsayin shuka, faɗin ganye, ranar da ta fara fure, da busasshen ganye an manna da salatif. Shan abin bai dame shi sosai ba, ya ce ɗan kaɗan yake taɓawa da dare saboda bayansa. Fitar da iri ne ya shiga ransa. Wiwi tana da namiji tana da mace, kamar dabino, kuma masu sha mace suke so wadda namiji bai taɓa ba, shi ya sa yawanci da sun ga namiji sai su tuge. Shi kuwa sai ya bar namiji ya cinye masa gurbi ɗaya cikin ukun, don ya samu garin furen da zai yi barbara da shi. Ya nuna mini gajeriya mai faɗin ganye, ya ce kakanninta daga duwatsun Afganistan suke, da doguwa mai siririn ganye irin ta ƙasashe masu zafi kamar Tailan. Yana so ya samu mai ƙamshin doguwar da gajartar ɗayar. Da shuka uku kacal, ya ce, aikin da manomi zai gama a shekara biyu shi sai ya yi goma, in yana da sauran kwana.

Ina kallon yadda yake juya ganye da bayan yatsa sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Lokacin girbi yakan bi gona tun kafin a yanke dawa, yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, kaura daban, farafara daban, ya rataye su a madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa wannan. Na ba dattijon labari, ya saurara kamar ɗalibi, har ya tambaye ni yadda ake rubuta kaura.

Shi ne ma ya warware mini matsalar da ta dame ni wata guda. Ramata ba ta wuce taƙi biyu ba ta fara fure, ganye ya tsaya. Ya tambaye ni awa nawa nake kunna fitila, na ce daga na tashi zuwa in dawo aiki, wajen awa goma. Ya ce to ai ka gaya mata kaka ta yi. Tasa ma haka take, da dare ya kai awa goma sha biyu sai ta daina tsawo ta koma fure, sai dai wani jinsi da wani masani ɗan Rasha ya bayyana a 1924, wanda shi ba ruwansa da tsawon rana. Nan take na tuna dawar gida, ko an yi shukar wuri ko ta makara, kusan tare take fitar da kai a ƙarshen damina. Ban taɓa haɗa wannan da tsawon dare ba sai yau, a ɗakin Bajamushe.

Da zan fito ya ce ya lura ban matsa kusa da tantin ba. Sai na gaya masa. Ƙanina yana da shekara goma sha shida ya fara sha a bayan makaranta. Yaron da ya haddace izu ashirin. Kafin ya kai ashirin da biyu ya fara jin muryoyi, ya daina yarda da abincin da Inna ta dafa, sau biyu muna kai shi asibitin masu taɓin hankali, ni na riƙe ƙafafunsa a mota. A gida abin haramun ne a doka, an kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tun 1989, amma hakan bai hana a sayar wa yaro ƙulli a bakin kwata ba.

Dattijon bai yi mini gardama ba. Ya zauna a kujerar keken ɗinkin ya ce ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama nuna ba, shi ya sa ko a ƙungiyoyin noman wiwi da aka halatta daga Yulin 2024, wanda bai kai 21 ba giram 30 kawai ake ba shi a wata, kuma mai sauƙin ƙarfi, wanda sinadarinsa mai sa maye, wato THC, bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Na ce masa takarda ba ta tsare yaro. Ya ce haka ne, ya dubi makullin nan na zif.

Na sauko da abu biyu a zuciya, kuma har yanzu ba su daidaita ba. Mutumin nan manomi ne na gaske, na girmama haƙurinsa da tsabtar aikinsa, zan kuma ci gaba da gaishe shi da fuska a sake. Ganyen kuwa ba na ƙaunarsa, addinina ya hana ni shi, kuma ba na so 'ya'yana su tashi suna ganinsa kamar tumatir.

Bayan la'asar, wadda a nan yanzu tun kafin uku take shiga, ya sauko da wata 'yar na'ura mai agogo da ake sakawa a soket, ya saita mini ita awa goma sha biyar. Maman yara ta zuba masa dambu a kwano, ya tafi da shi.

Da dare na kira gida. Inna ta ce ƙanin nawa yana shan maganinsa, wannan makon kullum ya je shagon ɗinki, jiya ma shi ya kai ta unguwa. Ta ba shi wayar. Muryarsa a hankali, kamar kullum tun da aka sa shi kan maganin. Ya ce, Yaya, ramar ta yi? Na ce ta kusa. Ya ce in ta yi in turo masa hoto.