Yadda na faɗaɗa ma'ajiyar kwamfutar gidanmu ba tare da fayil ko ɗaya ya salwanta ba

Kwamfutar ajiyar da ke gidanmu a Bukoki tsohuwar Dell OptiPlex ce ta hannu. Na ɗora mata Proxmox, manhajar da ke ba da damar gina kwamfuta cikin kwamfuta, na gina wata kwamfuta a cikinta mai aiki da Debian, wani nau'in Linux, ita ce ke raba fayiloli ga wayoyi da kwamfutocin gida ta hanyar manhajar Samba. A ciki akwai bidiyon biki da suna da ƙanena ke ɗaukar wa mutane, da hotunan takardun fili da na makaranta, da muryar kakarmu tana ba da labarin tasowarta a Tawa, wadda muka naɗa kafin Allah ya karɓi abinsa. Diskin terabait 1 ne, bukukuwan bayan babbar salla suka cika shi taf.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ba babban diski za a saya a jona kawai ba?" Na ce masa jonawar ita ce mai sauƙi, kuma ba da ita za mu fara ba.

Da kwafi muka fara. Na ari diskin waje, na kwashe komai da rsync, umarnin kwafin fayiloli, sannan na sake gudanar da shi da -avnc, wanda ba ya rubuta komai, sai dai ya karanta kowane fayil a ɓangarorin biyu ya gwada su. Ya ci dare guda. Da ya gama bai nuna bambanci ba, na buɗe wasu bidiyon na gani da idona, na cire diskin daga wuta na sa a akwati. Mutane da yawa suna dogara da hoton-yanayi (snapshot) da Proxmox ke ɗauka kafin aiki, wato adana yadda diski yake a lokacin don a iya komawa gare shi. Yana da amfani, amma a kan diskin nan ɗaya yake zaune, in diskin ya mutu tare za su tafi. Ni ban ɗauke shi kwafi ba.

Sabon diskin terabait 4 ne, kwamfuta ta nuna 3.6. Ba cuta ba ce, masu ƙerawa da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuwa da 1024. Na bar smartctl, mai duba lafiyar diski, ya yi masa dogon gwaji kafin in yarda da shi, domin a kasuwa ana samun tsohon diski cikin sabon kwali, kuma adadin awoyin da ya yi yana aiki a rubuce yake cikinsa.

Sai maganar kuran, wato wutar lantarki. Duk mazaunin Yamai ya san yadda take in zafi ya haura digiri 40. Batirin ajiyar da nake da shi mintuna kaɗan yake riƙewa, don haka na caja shi ya cika, na jira bayan sallar asuba, lokacin da gari bai tashi ba.

Na fara matsar da diskin kwamfutar ciki zuwa sabon wuri ta shafin Proxmox, ban taɓa akwatin da ke cewa a goge na asali ba. Tsohon ya zauna gefe yadda yake, ga hanyar komawa baya ke nan in wani abu ya karkace.

Faɗaɗawar kanta kamar ka sayi filin maƙwabci ce: filin ya zama naka, amma sai ka matsar da katanga, sannan ka faɗaɗa ɗakin. A waje, wato a kan Proxmox, na rubuta qm resize 101 scsi1 +1600G, diskin ya tashi daga gigabait 900 zuwa 2500. Cikin Debian, lsblk, umarnin da ke jera diskoki, ya ga sabon girman, amma yankin da fayiloli suke yana nan a tsohon ma'auninsa.

A nan ne nake son mai karatu ya nutsu. Tsohon tsarin raba diski, MBR, ba ya wuce kusan terabait 2, kuma nawa da shi aka raba tun farko. Na tsayar da Samba, na sauke diskin daga aiki, na mayar da tsarin GPT, sabon tsarin da ba shi da wannan iyaka, da manhajar gdisk. Ba ya taɓa fayiloli, teburin rabon kawai yake sake rubutawa, kuma yana bukatar ɗan sarari a ƙarshen diski, shi ya sa na yi shi bayan ƙarin. Duk da haka a wannan matakin ne zuciyata ta fi bugawa, na karanta sunan diskin a hankali kafin in danna w, harafin da ke rubuta canjin, domin tsakanin sda da sdb harafi ɗaya ne. Daga nan growpart /dev/sdb 1, shi ne matsar da katanga, sai resize2fs /dev/sdb1, faɗaɗa ɗakin ke nan, tunda tsarin fayilolina ext4 ne. Mai XFS xfs_growfs zai yi, mai LVM kuma sai ya bi ta pvresize da lvextend tukuna. Kafin shayi ya nuna an gama.

Da gangan ban ba kwamfutar ciki dukkan 3.6 ɗin ba. Proxmox yana ƙara girman diski amma ba ya ragewa, kuma in kana amfani da tsarin ajiya na LVM-thin, zai bar ka ka yi alkawarin sararin da babu shi a zahiri. Ranar da ainihin diskin ya cika, rubutu ya tsaya cak, fayiloli na iya lalacewa. Na fi so in ƙara kaɗan-kaɗan gwargwadon aikin ƙanena.

Tsohon diskin ba zan goge shi ba sai an yi wata guda ana aiki da sabon lafiya. Bayan nan zai koma gidan yayarmu a Yantala da kwafin takardu da muryar kaka, in kuɗi ya samu kuma in sayi terabait 4 na biyu, su riƙa rubuta abu ɗaya tare.