Yadda muka bi shari'ar duka a Jidda har aka yanke hukunci

Ƙanin maiɗakina ne ya yi faɗa da wani ɗan uwanmu Bahaushe a inda suke lodin kaya can wajen unguwar Sabil, kan kuɗin aiki da aka ba ɗaya ya raba bai raba daidai ba, magana ta yi zafi ƙanin maiɗakin nawa ya kai wa wancan naushi a baki, leɓe ya fashe haƙori ɗaya ya yi girgiɗi, wani mai shago ya buga 911 kafin ka ce kwabo motar shurɗa, wato 'yan sanda, ta iso ta kwashe su. Ni aka kira don na jima a ƙasar nan kuma ina jin Larabci, toh shi ne na ce bari in rubuta yadda abin ya gudana ko wani ya amfana.

Abu na farko da na gani a markazin shurɗa, ba a tsaya dogon surutun waye mai gaskiya ba, takarda kawai aka ba wanda aka daka aka ce a kai shi asibitin gwamnati a kawo taƙrir, wato rahoton likita. Wallahi wannan takardar ita ce uwar shari'ar gaba ɗaya. Likita zai duba raunin ya rubuta kwana nawa zai ɗauka kafin ya warke, kuma a ƙa'idar da niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, ke aiki da ita tun 2020, in kwanakin suka haura 21, ko aka nakasa wata gaɓa, laifin ya shiga cikin manyan laifukan da dole a tsare mutum, sai fa in wanda aka yi wa raunin ya janye haƙƙinsa. A da ma kwana 15 ne. Muna zaune a benci a waje, ni da wan wancan yaron, ba mai ce wa kowa uffan, kowa ya zuba ido ga ƙofa, da aka fito da takardar na leƙa na ga likita ya rubuta kwana 10 sai da na ji wani sanyi a raina.

Daga nan aka miƙa su niyaba. Mai binciken ya yi ta jero tambayoyi da Larabci, yaron namu kuwa Larabcin kasuwa kawai ya iya, "kam haza" da "mafi mushkila", komai aka ce masa sai ya gyaɗa kai. Na roƙa a kawo tafinta kuma aka kawo, don haƙƙinsa ne. Jama'a don Allah kar wanda ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a fassara masa ba, abin da ka sa wa hannu a nan shi alƙali zai karanto maka gobe, kuma cewa "ban gane ba" a lokacin ba ta cika amfani ba. Da kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya zo ya tsaya masa aka sake shi a kan kafala, wato beli.

Mu kuma a unguwa muka shiga sulhu irin namu. Dattawa suka zauna bayan isha'i, aka kawo shayi, wani tsoho da ya haura shekara arba'in a Makka ya dubi wanda aka daka ya ce "ɗana, ka dubi zumunci, ku duka baƙi ne a ƙasar mutane", shi kuma kansa a sunkuye ya ce "Baba na yafe, amma likitan haƙori ya ce sai an ɗaure shi da waya kuma ba ni da ko sisi". Muka ɗauki nauyin maganin har da kuɗin kwanakin da bai fita aiki ba. Kuma gaskiya mun samu sauƙi, don da haƙorin ya fita gaba ɗaya maganar diyya ce, a shari'a haƙori ɗaya raƙuma 5 ne cikin 100 na cikakkiyar diyya, ita kuwa diyyar kisan kuskure a nan riyal 300,000 ce, sai mutum ya buga lissafi da kansa, ga shi tunda da gangan ne yana ma iya neman ƙisasi.

Inda mutanenmu da yawa ke tuntuɓe shi ne nan. An yi fatiha an sha hannu kowa ya ɗauka shikenan magana ta mutu, alhali hukuma ba ta san da zaman da aka yi a tabarma ba, sai wanda aka daka ya je da kansa ya rubuta tanazul, wato takardar janye haƙƙinsa, a gabansu. Kuma ko ya rubuta ɗin, haƙƙinsa kawai ya yafe, saura haƙƙul am, wato na hukuma, wannan ba dattijon da ya isa ya yafe shi. Surukata daga gida sai kira take tana cewa ba an ce an yafe ba, me kuma ake nema da shi a kotu, na yi bayani har na gaji.

Saƙon ranar zaman kotu ta waya ya shigo, a lambar da ke jone da Absher ɗinsa, wato manhajar hidimomin gwamnati, aka duba a Najiz, shafin ma'aikatar shari'a. Ku riƙa kula da wannan lambar, wasu sun canja layi tuntuni ba su sabunta ba, a yi ta kiransu ba su sani ba. Zaman bai yi tsawo ba, alƙali ya karanta abin da niyaba ta kawo, ya tambaye shi ya amsa laifinsa, ya duba taƙrir da tanazul, ya tambaya ko an taɓa kama shi da wani laifi aka ce a'a. Irin wannan duka ta'aziri ne, alƙali ke auna shi, shi ya sa za ka ga mutum biyu sun yi faɗa iri ɗaya hukuncinsu ya bambanta. Namu dai ɗaurin 'yan kwanaki aka yanke masa, aka lissafa da waɗanda ya riga ya yi a tsare, ya kuma sa hannu a ta'ahhud, wato takardar alƙawari, cewa ba zai sake ba. Bulala babu, tun 2020 kotun ƙoli ta daina ta a hukuncin ta'aziri, ɗauri ko tara ake yi. An ce masa yana da kwana 30 in zai ɗaukaka ƙara, na ce masa kai Malam rufa mana asiri.

Amma ni a ganina ga baƙo ba ɗaurin ne abin tsoro ba, tarhil ne, wato kora daga ƙasa. Duk lokacin da alƙali ke karanta hukuncin kunnena na kan ko zai ambaci kora daga ƙasa, don in aka sa wannan sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgi, shekarun da mutum ya yi yana tara abin aure sun tafi a kan naushi ɗaya. Allah Ya taimaka iƙamarsa, wato katin izinin zamansa, da rai kuma ba a ambata ba.

Akwai kuma wani da ya ɗauki faɗan a waya ya watsa a gurup ɗin WhatsApp na 'yan garinmu yana nishaɗi, sai da na kira shi na ce ya goge, don dokar laifukan intanet ta nan tana iya kai mutum ɗaurin shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000 in ya ɓata sunan wani ta wannan hanya, wato mai kallo sai ya fi mai dukan shan wuya. Shaidu kuwa ko ɗaya ba mu samu ba, duk waɗanda aka yi abin a gabansu ba su da iƙama, suna hango fitilar shurɗa kowa ya bi lungu, har yau wasunsu ba su koma lodi a wannan layin ba.