Wa ke zana hoton?

Shagona yana unguwar Zariya, nan Maradi, kuma da maraice ina koya wa yara shida Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. Kwamfutocin kwance ne, na sayo su daga Kano. Da yake mai koyo sai ya ɓata, ban bari su taɓa Debian, nau'in Linux ɗin da ke kan injin, ba. Na saka musu Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, cikin QEMU, manhajar nan da Fabrice Bellard ya fara a 2003, wadda ke kwaikwayon kwamfuta sukutum a cikin wata kwamfutar. In sun lalata, in maido da kwafi, shi ke nan.

Matsalar allo ce. Ka ja taga da linzami, sai ta biyo hannunka tana jan ƙafa, fanka kuma ta yi ta kuka cikin zafin Afrilu. Wata ɗaliba ta dube ni ta ce: «Malam, ni ce ban iya ba?» Wannan tambayar ta dame ni ƙwarai, don yarinyar ba ta da laifi ko kaɗan.

Na fara da ƙara RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, kuɗina suka tafi, tagar ba ta sake hali ba. Daga baya na gano VT-x, fasahar da ke barin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ya gudanar da kwamfutar kwaikwayo kai tsaye, a kashe yake cikin BIOS, wato saitin tushe na injin. Ke nan QEMU fassara kowane umarni yake yi da kansa kafin furosesa ya aiwatar. Na kunna shi, na ƙara wa umarnin QEMU -enable-kvm don ya yi amfani da shi, Ubuntu ya riƙa tashi da sauri.

Amma hoto bai warke ba. Wata rana bayan isha'i na zauna ni kaɗai, na buga glxinfo, umarnin da ke nuna wa ke zana hoton, cikin Ubuntun, sai ga kalmar llvmpipe. Ma'anarta furosesa ne ke zana kowane ɗigo na allon, katin hoton injin yana zaune ba a ba shi aiki ba. Katin hoto na kwaikwayo (VGA) da QEMU ke bayarwa in ba ka zaɓa ba bai san 3D ba, GNOME kuwa, mai tsara tagogin Ubuntu, da OpenGL (tsarin zanen 3D) yake zana hatta inuwar taga. Na sauya zuwa -device virtio-vga-gl tare da -display gtk,gl=on. Da wannan, umarnin zane yana fita daga Ubuntu ya isa katin gaske ta hanyar virgl, gadar da ke haɗa su. Na sake buga glxinfo, virgl ya bayyana a gurbin llvmpipe. Na ja taga, ta bi hannuna.

Injina biyu sun tsufa sosai, su na cire musu GNOME na saka Xfce, wani mai tsara tagogi, wanda ba ya neman kwalliya da yawa. Windows kuma da na gwada a ciki bai ci moriyar virgl ba, sai na bar shi a kan QXL, wani katin hoto na kwaikwayo.

Yanzu darasin farko da nake ba sabon ɗalibi shi ne glxinfo. Yarinyar nan ce ke nuna musu layin da za su karanta.