Ƙwallon futsal da takalmin wasa a kan siminti

A Garwa ta ƙasar Kamaru, in zafin Afrilu ya sauka, yara kan jira yamma su taru a filin siminti. Nan ƙwallon futsal, wato wasan ƙwallon ƙafa na mutum biyar-biyar a ƙaramin fili, ke aikinta. Girmanta lamba 4 ne, nauyinta giram 400 zuwa 440, kuma in an sake ta daga tsayin mita 2, tsallenta bai wuce santimita 65 ba. Tun da tana bin ƙasa, dole yaro ya koyi taka ta da tafin ƙafa, ya ja ta, ya miƙa wa abokinsa cikin matsi. Kar a cika mata iska, sai ta koma tsalle. Takalmi kuwa a nemi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba. Mai ƙusoshi santsi yake yi a siminti, ya gurɗe idon sawu.