Ranar da na karya harafin Ƙ

Shekara huɗu na yi ina ba da gudummawa a wata buɗaɗɗiyar manhaja ta binciken kalmomi da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python. A makon jiya na miƙa ikona na haɗa gyaran da mutane ke turowa a cikin manhajar, na yi sallama da abokan aiki. Lokacin da na shiga, ba mu fi mu biyar ba, kowa ya san kowane lungu na aikin. Daga baya masu turo faci, wato gyaran da ake so a shigar cikin manhajar, suka yi yawa har wasu sunayen ban taɓa gani ba. A nan ne muka jingina gaba ɗaya da gwaje-gwajen da GitHub Actions, tsarin da ke gwada kowane faci da kansa, ke gudanarwa: alama ta yi kore a haɗa, ta yi ja a dakata.

Kuskuren da har yau yake ci mini rai na yi shi ne da niyyar alheri. Ana kukan bincike yana nawa, sai na lura muna mayar da kowace kalma zuwa ƙananan baƙaƙe kafin a adana ta. Na sauya tsarin ya riƙa yin hakan a kan bytes, wato lambobin da kwamfuta ke adana rubutu da su, maimakon str, wato rubutun kansa, saurin kuwa ya ƙaru. Abin da na sani sarai amma na manta a daren nan shi ne lower() na bytes, umarnin da ke ƙanƙanta baƙaƙe, baƙaƙen Turanci na ASCII kaɗai yake taɓawa, daga A zuwa Z. Ƙ ɗinmu a tsarin adana rubutu na UTF-8 bytes biyu ne, don haka ya wuce ta gefensa ya bar shi babba. Haka Ɗ, haka Ɓ, haka Ƴ. Wanda ya rubuta "ƙasa" ba zai ƙara samun "Ƙasa" ba.

Gwaje-gwaje duk suka yi kore. Ma'aunin layukan da gwaji ya ratsa ya nuna sama da kashi 90, muna ma tinƙaho da shi a shafin farko. To amma kalmomin da ke cikin gwajin kaf ɗinsu na Turanci ne. Layin da na rubuta an bi ta kansa sau ɗaruruwa, ba a taɓa ba shi harafi mai lanƙwasa ko ɗaya ba. Sai da muka fitar da sabon juyin manhajar, bayan kusan mako uku, wata baiwar Allah mai haɗa ƙamus na Fulfulde ta rubuto cewa kalmominta da yawa sun ɓace. Na kunna git bisect, mai gano facin da ya kawo matsala, ina fatan ya nuna wani, ya tsaya cak a kan facina. Ni da nake rubuta waɗannan haruffa kullum, ni na karya su.

Laifina na amsa a fili, na gyara a ranar. Abin da ban amsa ba shi ne yadda jagoran aikin ya rubuta a gaban kowa cewa ga abin da gaggawa da rashin kula suke jawowa. Domin akwai gwaji ɗaya da zai kama wannan ɓarna tun kafin ta fita. Yana sauko da jerin kalmomin harsuna daban-daban daga intanet, saboda haka wata rana ya ci, wata rana ya faɗi, gwargwadon lafiyar layi. Jagoran da hannunsa ya sa masa pytest.mark.skip, alamar da ke sa a tsallake gwaji, wata shida kafin nan, don yana hana shi fitar da juyi a kan lokaci, ya ce za a dawo kansa. Sau biyu ina tuna masa. Da na kawo maganar a keɓe, sai ya ce ba lokacin tone-tone ba ne. Na yi shiru, amma laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa.

Daga nan na daina ɗaukar gwaji a matsayin shara da ake yi bayan an gama aiki. Duk gwajin da ke ci yau ya faɗi gobe, ko a gyara shi a makon, ko a goge shi kowa ya san babu. Kashe shi a ɓoye ya fi rashinsa muni, domin mutane suna kwana da tunanin akwai mai gadi. Kuma fayilolin gwaji ina karanta su kamar sauran aiki, musamman bayan abin da ya faru da xz, wata manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024, inda aka ɓoye mugun kaya a cikin fayilolin gwaji, ba a farga ba sai da wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara kusan rabin daƙiƙa.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a haɗa gyaran kuskure sai da gwajin da ya faɗi kafin gyaran. Sabon mai gudummawa a taya shi rubuta gwajinsa na farko maimakon a rufe masa ƙofa. Mai duba faci shi ma yana da kaso a alhakin abin da ya wuce.

Facina na ƙarshe ƙaramin fayil ne da ba ya buƙatar intanet. Akwai Ƙasa, Ɗaki, Ɓera da Ƴaƴa a ciki, da kalmomin Fulfulde da waccan baiwar Allah ta aiko mini, kuma ya riga ya tare faci biyu na wasu mutane. Jagoran ya haɗa shi bai ce komai ba.